Kaushin Sanfefa: Nasiha Ga Masu Koyon Rubutun Turanci

 Akwai wata 'yar magana ta Turanci da nake so mu zauna a kanta yau, domin tana yawo ƙwarai a cikin insha'in ɗalibai, kuma sau da yawa ba a mazauninta ake ajiye ta ba. Ita ce "as rough as sandpaper". Kalmomi huɗu ne kacal. Abin da take nufi shi ne abu yana da kaushi kamar sanfefa, takardar nan da kafinta yake goge katako da ita kafin ya shafa masa fenti. Ma'anar ba ta da wuya, ɗan aji ɗaya ma zai haddace ta cikin minti guda. Wuyar tana wurin sanin inda za a sa ta da inda za a ƙyale ta.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe in yana son ya ƙarfafa siffa, yana da kayan aikinsa. Ya ce fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil. Waɗannan su ne malaman nahawu suke kira amsa-kama. Kowacce da mijinta, ba ta zama da wani. Duk wanda ya ce muku baƙi fat ko ja ƙirin, ko a cikin duhu ya yi maganar kun san baƙo ne a harshen. To Bature ba shi da yalwar irin waɗannan kalmomi kamar yadda muke da su. Wani ɓangare na aikin da amsa-kama take yi mana, shi kwatance ne yake yi masa. Inda muka ce fari fat, sai ya ce fari kamar ƙanƙarar da take zuba a ƙasarsu lokacin sanyi. Inda muka ce baƙi ƙirin, sai ya ce baƙi kamar gawayin kwal. Da yawa daga cikin kwatancen nan sun daskare, sun zama gado, kowane da siffar da yake bi. Saboda haka ku ɗauki "sandpaper" a wannan jimla kamar yadda kuka ɗauki "fat" a bayan fari. Tana da irin kaushin da take bi, kuma ba kowane abin da Bature ya kira "rough" ne ya shiga ciki ba.

Kafin ku rubuta ta, ina roƙonku abu ɗaya. Ku je rumfar kafintan unguwarku ku gaishe shi, ku ce ya ba ku guntun sanfefa ku riƙe. Za ku ga yadda yake yage ta, ya naɗe ta a jikin ɗan guntun katako don ta zauna masa a hannu, ya riƙa bin tsawon katakon da ita yana kai da komo. Garin itace ya yi masa fari a damtse da gira. Jim kaɗan sai ya tsaya, ya hure, ya shafa da tafin hannu, idonsa ma ba a kan aikin yake ba, hannun ne yake gaya masa ko ya yi. Ku juya bayan takardar, za ku ga lamba. Mai 40 ko 60 ita ce mai manyan tsakuwa, wadda take cin katako da sauri, in kuka goga ta a bayan hannu sai ta bar muku farin zane. Mai 120 matsakaiciya ce. Mai 220 zuwa sama ta gamawa ce. Masu fentin mota kuwa har mai 1000 da 2000 suke amfani da ita, suna jiƙa ta da ruwa, wadda in kuka shafa da ƙyar za ku ji kaushi. Wato gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon kaushi. Wani abin dariya ma shi ne sunanta na Turanci yana cewa takardar yashi, alhali yawancin wadda ake sayarwa yau babu yashi a jikinta, wasu ma'adinai ne masu tauri ake niƙawa a manna. A Landan, tun a 1833 wani mai suna John Oakey yake yin irinta da niƙaƙƙen gilashi, shi ya sa har yanzu wasu a Ingila suke ce mata takardar gilashi. Amma Baturen da ya yi kwatance da ita ba ruwansa da wannan tarihi, mai manyan tsakuwar nan yake nufi.

In kun riƙe ta sau ɗaya, rabin darasin ya ƙare. Kaushi ne busasshe, mai ƙananan haƙora a jere ko'ina, wanda fata take ji in ta goga. Ba tudu da kwari ba ne, ba kaifi ba ne, ba kuma tauri ba. Daga nan ku da kanku za ku gane inda ta dace. Tafin hannun manomi bayan an gama noman damina, wanda kanta ta fito masa a gindin kowane yatsa. Dundunniyar yaron da ya yi hunturu babu takalmi babu man shafawa. Haɓar mutumin da ya kwana biyu bai yi aski ba. Tawul ɗin da aka wanke da sabulu mai yawa aka shanya a rana har ya ƙandare. Harshen kyanwa in ta lashi hannunka. Maƙogwaron mai azumi da la'asar a watan zafi, ko na mai mura. Duk waɗannan in kun rubuta cewa suna "as rough as sandpaper", babu malamin da zai ɗaga jan biro.

Akwai wuri ɗaya da Turawa suka yarda ta fita daga taɓawa ta shiga ji, shi ne murya. Suna iya cewa muryar tsoho ko ta mai yawan shan taba tana da kaushin sanfefa. Wannan bai kamata ya ba ku mamaki ba, mu ma muna cewa kakkausar murya. Sai dai ku lura da wani ɗan bambanci. In jarida ta ce gwamnati ta yi Allah wadai da kakkausar murya, zafin lafazi ake nufi, ko da wanda ya karanta sanarwar muryarsa ta fi ta zabiya daɗi. Shi kuwa kwatancen Bature sautin kansa yake nufi, wato dusasshiyar murya mai karce kunne. Kada ku ɗauko shi don ku ce shugaban makaranta ya yi wa ɗalibai faɗa.

Yanzu ga inda ƙafar yawancinku take zamewa. Kalmar "rough" jaka ce mai ɗaukar kaya iri-iri, waɗanda mu a Hausa kowanne da sunansa. Hanya mai gargada Bature "rough" yake ce mata. Teku in ta yi fushi tana tumbatsa, haka. Yaro mai wasan banza da ture-ture, haka. Direba mai tuƙin ganganci, haka. Lissafin da aka yi a ka bisa ƙiyasi, da rubutun farko da ba a gyara ba, da ranar da mutum ya sha wuya, da unguwar da 'yan daba suka yi yawa, duka kalmar nan ɗaya ce take ɗaukarsu. Sai ɗalibi ya haddace cewa "rough" abokiyar tafiyarta "sandpaper" ce, duk inda ya ga ɗaya sai ya jawo ɗayar. Nan ne za ka karanta cewa hanyar ƙauyensu tana da kaushin sanfefa. Haba ɗana. Hanyar da take da kaushin sanfefa ai sabuwar kwalta ce, direba addu'a yake yi ya samu irinta. Abin da kake son faɗa shi ne ramuka da kwazazzabai da suke sa kan fasinja yana dukan rufin mota, kuma sanfefa ba ta da rami ko ɗaya. Wani kuma ya rubuta cewa tafiyarsu a kwalekwale ta yi kaushin sanfefa, wani ya ce rayuwa ce ta yi musu haka bayan rasuwar mahaifinsu. Nahawun jimlolin nan lafiya lau yake, amma hoton da suke zanawa a zuciyar mai karatu ƙarya ne, kuma mai karatu yana ji ko da bai iya faɗin dalili ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Ku mayar da abin cikin Hausa a zuci, ku tambayi kanku: kaushi zan ce a nan, ko gargada, ko ganganci, ko wahala? In kaushi ne, irin wanda in na miƙa hannu zan ji, bismilla. In wani abu ne daban, ku bar sanfefa a rumfar kafinta.

Halin mutum yana da ɗan sarƙaƙiya. Marubuci gwani yakan iya cewa mu'amalar wani tana goge mutane kamar sanfefa, ya kuma ci nasara, domin ya shirya wa hoton wuri tun daga baya. Wannan sai hannu ya faɗa. Ku da kuke da jarrabawa a gabanku, shawarata ku dakata tukuna. In kuna son ku siffanta mutumin kirki wanda bai iya lafazi ba, Turawan Ingila suna da maganarsu, "a rough diamond", na Amurka kuma su ce "a diamond in the rough", wato lu'ulu'un da ba a goge ba.

Mu zo kan ginin jimlar. Malaman adabin Hausa sun raba kamantawa gida uku: kamancen daidaito, da na fifiko, da na kasawa. Turanci ma haka yake, kuma kowane gida da ƙofarsa. In abu biyu sun yi daidai, siffar tana zama tsakanin "as" biyu, tsirara, ba a ƙara mata komai. In ɗaya ya fi, sai a ce "rougher than sandpaper". In ya kasa, a ce "not as rough as sandpaper". Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga ta ƙofar wani gida a fita ta ta wani: "as rough than", ko "as rougher as", ko "more rougher". Sai kuma "as rough like", wanda na san daga ina yake zuwa. Mu kalmarmu ɗaya ce, kamar, ita take yin aikin "as" da "like" duka, shi ya sa hannu yake haɗa su. In kuna son "like", ku sauya ginin gaba ɗaya ku ce "his palms felt like sandpaper", kun ga siffar ma ta fita, kuma sau da yawa wannan ya fi ƙarfi, domin an bar wa mai karatu ya ji kaushin da kansa. Kada kuma ku sa "very" a gaba. Kwatancen shi ne ƙarfafawar, kamar yadda ba a cewa fari fat ƙwarai. A cikin labari ko zancen baki ana iya yar da "as" ta farko, a ce "hands rough as sandpaper", wannan halal ne. Ta biyun ce ba ta faɗuwa.

Sai 'yar ƙaramar kalmar nan "a", wadda take cinye wa 'ya'yanmu maki ba su sani ba. Hausa ba ta da takwararta sak, don haka wani ya manta da ita inda ake buƙata, wani kuma don tsoron mantawa ya riƙa yayyafa ta ko'ina. A Turanci "sandpaper" tana cikin sunayen da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da gari da yashi. Ba a ce mata "a sandpaper", ba a kuma yi mata jam'i a wannan kwatance. In dole sai kun ƙirga, ku ce "a sheet of sandpaper" ko "a piece of sandpaper". Kalma ɗaya ce kuma a haɗe, ba a raba ta biyu. Ku kula da "p" ɗin nan guda biyu da ke cikinta. Bakinmu ya saba mayar da "p" ta zama "f", shi ya sa ma muka ce sanfefa, kuma abin da baki ya saba da shi hannu yakan bi.

Kada ku ce na cika tsanani a kan abu kaɗan. A jarrabawar WAEC ana son insha'in da ya kai kalmomi 450, makinsa 50, an kasa shi huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar nahawu da rubutu. A wannan kaso na ƙarshe rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure. Kuskure 20 ke nan sun share goman kakaf. Wanda ya rubuta "as rough like a sand faper" ya tara kurakurai a cikin rabin layi, alhali da ya ce hannun yana da kaushi kawai ya wuce, da ba abin da ya rasa. Ya je neman ƙiba ya samo rama.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi kowane kwatance, ita ce a gwada abu da irinsa. Da sanfefa ba a cika samun matsala ba, amma da zarar kun sauya ta da dabba sai ta taso. In kun ce fatar wani tana da kaushi kamar kada, a Hausa ya wuce, kowa ya gane. A rubutaccen Turanci mai tsanani kuwa fata da fata ake gwadawa, sai a ce "as rough as a crocodile's", da 'yar alamar mallakar nan a ƙarshe. Haka nan ku bambance "rough" da "tough". Sautinsu ɗaya in ban da harafin farko, amma ɗaya kaushi ɗaya tauri da juriya. Naman da ya ƙi tauna, ko tsohuwar da ciwo bai kayar da ita, Turawan Ingila tsohon takalmi suke kwatanta su da shi, su ce "as tough as old boots". Ba a ba wa "rough" takalmin, ba a ba wa "tough" sanfefar.

Ku da kuke kallon fina-finai kuna shiga intanet za ku ci karo da wasu 'yan uwan wannan magana. A kudancin Amurka da karkararta suna cewa "rough as a cob", wato totuwar masara bayan an ɓare ƙwayar. A Ostareliya da Niyu Zilan suna da "rough as guts", wadda suke faɗa wa abin da aka yi shi babu kyan gani ko mutum marar wayewa. A Ingila akwai wata da take ambaton bayan wata dabbar daji, wadda ba zan rubuta ta a nan ba, ku ma kada ku rubuta. Waɗannan maganganun gari ne, na teburin mai shayinsu. Ku san su don in kun ji ku gane, amma kowacce tana da ƙasarta da irin mutanen da ake faɗa a gabansu. Ta sanfefa ita ce wadda za a fahimta daga Kano har Kanada ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

To ko da kun iya ta daidai, a ina za ku sa ta? A labari da siffantawa, da wasiƙa zuwa ga aboki ko ɗan uwa. Wasiƙar neman aiki, ko ƙorafi zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ko rahoton gwajin kimiyya, ba wurinta ba ne. A can ana son a ce bangon ajin ba a yi masa shafe ba, a faɗi tsawonsa da abin da gyaransa zai ci. Ko a cikin labarin ma sau ɗaya ya isa. Na san littattafan da muka tashi da su, irin su First Aid in English na Angus Maciver, suna da jerin irin waɗannan kwatance, an sa mu mun haddace kamar karatun allo, kuma sun yi mana amfani. Amma an jera su ne don a san su, ba don a juye su duka a shafi ɗaya ba. Akwai ɗalibin da a sakin layi guda za ka tarar da jarumi kamar zaki, da wayo kamar dila, da sauri kamar walƙiya. Mai duba takarda da ya karanta ɗari kafin taka, da ya hango su ya san hadda ce.

George Orwell, marubucin nan na Ingila, ya yi wata maƙala a 1946 kan yadda siyasa take lalata harshen Turanci. Cikin shawarwarin da ya bayar, ta farko ita ce marubuci ya guji duk wani kwatance da ya saba gani a rubuce. Ni ban kai shi zafi ba, musamman a kanku. Shi da 'yan harshen yake magana, waɗanda suka ji waɗannan kalamai tun suna goye har suka gundure su. Ku kuwa koyo kuke yi, kuma wanda bai iya na gado daidai ba, da wuya ya ƙirƙiro nasa ya zauna. Ku fara iya wannan ɗin. Amma kada ku tsaya a nan, domin gaskiyar Orwell tana nan: kwatancen da kowa ya sani ba ya sa mai karatu ya ji komai a fatarsa, wucewa kawai yake yi.

Chinua Achebe da ya fitar da Things Fall Apart a 1958, da Turanci ya rubuta, amma kwatancensa daga gonar doya da dajin ƙasar Ibo ya ɗebo su, duniya kuma ta karanta ta gane. Ku ma kuna da naku a tsakar gida. Dutsen kaushi da iyayenmu mata suke goge ƙafa da shi a bakin rariya. Buhun algarara da ya sha rana. Bangon da aka yi wa yaɓen siminti ba a goge ba. Igiyar kaba a tafin mai jan ruwa a rijiya. Ɓawon tsohuwar bishiyar maina. Wadda ta rubuta da Turanci cewa hannun kakarta ya yi kaushi kamar igiyar gugar da ta shekara tana ja, ta faɗi kaushin, ta kuma faɗi inda kaushin ya samo asali, abin da sanfefa ba za ta iya yi mata ba. Sharaɗi ɗaya ne: ku tuna wanda zai karanta. Mai duba takardarku yana iya zama mutumin Ibadan ko Inugu wanda bai taɓa jin kalmar kaba ba. Ku zaɓi abin da za ku iya ba shi sunansa da Turanci mai sauƙi, ko ku ƙara kalma biyu da za su nuna masa shi. Ginin jimlar kuwa bai sauya ba, "as" biyun nan suna nan, sai dai yanzu ku duba ko sabon abin da kuka kawo ana ƙirga shi. Igiya guda tana son "a" ko "the" a gabanta, yashi da siminti ba sa son "a".

Saura rubutun kalmar "rough" kanta. Ana furta ta da sautin "f" a ƙarshe, amma babu "f" a cikinta, "ough" ne. Haka "tough" da "enough". Sai dai kada ku ɗauka duk inda kuka ga haruffan nan huɗu haka ake karanta su, domin a "though" da "through" da "cough" da "bough" kowacce da nata furucin. Wannan babu wata dabara, Turawan ma haddacewa suke yi suna yara. Ku ware shafi ɗaya a bayan littafinku, ku rubuta su a jere, kowacce da gajeriyar jimla taku ta kanku a gabanta, ku kai wa malaminku ya duba kafin ranar Juma'a.